Ina Kaset Ɗin Samanja Suka Shige?

Yau zan fara da abin da ya faru a gidanmu ne, daga nan sai mu shiga tarihi.

Da sallar layya da ta wuce na je Tudun Wada gaishe da kawuna. Muna hira a zaure sai zancen Samanja ya taso, ya ce ai yana da shi a kaset, shi da kansa ya naɗa daga talabijin tun yana aiki a Kano. Aka jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ga kaset na bidiyo har bakwai. Sai da muka je Kwanar Ɗangora kafin muka samu mai na'urar da ke aiki. Biyu sun yi fumfuna. Guda ɗaya an rubuta "Samanja" a jikinsa da biro, muka saka. Minti kaɗan ya yi, ga Samanja cikin kaki yana zare ido, sai hoton ya yanke, bikin wata 'yar'uwarmu ya fito. Ashe an naɗi biki a kansa. Kawu ya daɗe bai ce komai ba.

Ku da kuka taso da waya a hannu, bari in gaya muku abin da ake magana a kai. Talabijin ta fara a Arewa a Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kawo wa Kano tata tashar, CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Waɗannan tashoshi su ne suka raini wasan kwaikwayon Hausa tun kafin a san Kannywood, domin Turmin Danya, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a Kano, sai a 1990 ya fito.

Daga Kaduna ake kawo Samanja Mazan Fama, na Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne na gaske, shi ya sa rayuwar bariki ta zauna masa. Yana magana yana gauraya Hausa da Turancin bariki, yara da manya kowa na kwasar dariya. A Kano akwai Kuliya Manta Sabo, inda ake kai ƙara gaban shari'a a warware. Sakkwato na da Idon Matambayi. Jos na da Karkuzu. Ga kuma Ƙasimu Yero, wanda ya fito a Karambana da Magana Jari Ce, har da Cock Crow at Dawn na Turanci da aka ɗauka a yankin Jos.

Mu a ƙauyukan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Doguwa, kallon nan aiki ne. Talabijin baƙi da fari, batirin mota, eriya a ɗaure a kan doguwar gora. Yaro ɗaya yana waje yana juya gorar, na ciki suna ihu "ya yi, tsaya haka!" Idan ka makara, shi ke nan, sai dai gobe a ba ka labari a makaranta. Babu mayarwa baya.

To me ya sa yau ba za ka shiga kasuwa ka sayi Samanja daga kashi na farko zuwa na ƙarshe ba? Dalili na farko, kaset ɗin tasha yana da tsada, daga waje ake shigo da shi. Al'adar gidajen talabijin da yawa a duniya a lokacin ita ce a goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai, daidai abin da ya sami kaset ɗin kawu. Na biyu, kaset ba ya son zafi da laima da ƙura, mu kuwa ukun nan duk muna da su. Na uku, na'urorin da ke karanta irin su U-matic sun zama tarihi, ko kaset ɗin ya tsira sai an sha wuya a samu abin kunna shi. Sannan a wancan zamani ba a ɗauki shirin a matsayin kayan sayarwa ba, an yi shi ne don daren nan kawai. Abin da ya rage mana su ne guntayen da kuke gani a YouTube, hoto na rawa, murya na shaƙewa.

Amma ku ji wani abu. BBC ma ta goge nata. Shirinta Doctor Who ya rasa kashi da yawa na shekarun 1960. A 2013 aka sanar da cewa an gano kashi tara da suka ɓata, kuma ina aka same su? A wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Wani Bature mai suna Philip Morris ne ya biyo sawu har ya iske su. Jos ɗin nan da motocinta ke ratsa dajin Falgore kullum. Aka gyara su, aka fitar kasuwa, masoya suka saya.

Wannan labari yana hana ni barci. Mutum ya taso daga Ingila neman nasu, ya samu a ƙasarmu. Namu fa, wa ya fita nema?

Lokaci kuma ba ya jira. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Samanja ya rasu a Nuwamban 2023. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya tafi, ya tafi da sanin wa ya ɗauki me, a wace shekara, kuma wa ya ajiye kwafi.

Don haka ga aikin da zan ba ku. Idan kun je gida, ku tambayi Baba ko Kawu ko Gwaggo ko akwai tsofaffin kaset a ɗaki. In an samu, kada ku yi gaggawar sakawa a kowace na'ura, mai fumfuna yana iya tsinkewa. Ku ajiye a wuri mai sanyi marar laima, ku nemi masu mayar da bidiyon biki zuwa kwamfuta, akwai su a Kano. Ku rubuta abin da dattijon ya tuna game da shirin.

Mu dai minti kaɗan ɗin nan na kawu mun juye shi a waya. Ya kalla sau huɗu a ranar. Sauran kaset huɗun suna wurin mai gyara, in an samu wani abu za ku ji.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.