Mai wasa da masu rumfa: tarihin ƙananan maɗaba'un da suka riƙe Dungeons & Dragons

Duk wanda ya saba zagaya unguwannin Yamai bayan la'asar ya san fada: benci, butar shayi a kan gawayi, samari sun duƙufa a kan karta ko lido, dattawa can gefe suna dara. Babu wanda ya taɓa tambayar wa ke da dara. Ba a biyan kowa kafin a haƙa gurabunta, kuma in mutanen wani gari suka sauya wata doka, babu lauyan da zai aiko musu takarda. To akwai wani wasan zaune da ke da mai shi, kuma rigimar da aka yi shekara kusan 50 ana yi tsakanin mai shi da masu cin abinci a gefensa ita nake so mu duba yau.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san shi ba, ya ɗauka tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa. Mutum ɗaya ke jan ragamar labari, ya ce ga kogo, ga dodo a bakinsa. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita za ta ce an yi nasara ko an sha ƙasa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya buga shi a 1974, kwafi 1,000 a bugun farko.

Littafin dokoki kawai TSR ya sayar. Amma mai jan labari yana buƙatar gari, da taswira, da sunayen sarakuna da ɓarayi, kuma ba kowa ke da lokacin zama ya ƙirƙiro su ba. A 1976 wasu mutum biyu daga garin Decatur, Bob Bledsaw da Bill Owen, suka je wurin TSR suka nemi izinin buga irin waɗannan kayan. An ba su cikin sauƙi, don a lokacin masu kamfanin ba su ga alamar akwai kuɗi a wannan harka ba. Kamfaninsu, Judges Guild, ya fitar da wani birni sukutum da titunansa da shagunansa, mutane kuwa suka yi rububinsa. Da TSR ya ga haka sai ya shiga buga nasa, zuwa farkon shekarun 1980 izinin Judges Guild ya ƙare ba a sabunta ba.

Daga nan TSR ya zama kamfanin kai ƙara. Ya maka Mayfair Games a kotu kan littattafan da yake bugawa masu dacewa da wasan. Har Gygax kansa bai tsira ba: bayan ya bar kamfanin ya tsara wani sabon wasa, TSR ya kai waɗanda suka buga masa kotu. Masu wasa suka riƙa yi wa haruffan sunan kamfanin fassarar ba'a, mai nufin kullum suna gaban alƙali. Abin lura a nan shi ne, a dokar Amurka ba a mallakar dokokin wasa, kalmomin da aka rubuta su da su ne ake mallaka. Amma ƙaramin kamfani mai ma'aikata uku ba ya da kuɗin da zai tsaya shekara biyu a kotu ya tabbatar da haka. Tsoron kuɗin lauya ne ya kori masu rumfa daga kasuwar.

Shi kuwa TSR da ya rage shi kaɗai, sai ya ɗauki nauyin buga komai da kansa, duniyoyin labari iri-iri, kowace da jerin littattafanta, masu saye suka rarrabu, bashi ya yi masa katutu. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi, a 1999 kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya saye Wizards.

A nan ne wani ma'aikacin Wizards mai suna Ryan Dancey ya kawo shawarar da ta sauya komai. Ya duba lissafin TSR ya ga cewa ribar gaske tana cikin manyan littattafan dokoki, waɗanda kowane ɗan wasa sai ya saya, su kuwa ƙananan littattafan labari wahalarsu ta fi ribarsu. To me zai hana a bar wa wasu wannan wahalar? Duk wanda ya buga labari mai dacewa da wasan, talla yake yi wa babban littafin kyauta. Ya aro dabarar daga masu manhajar kwamfuta da ke sakin aikinsu kowa ya ɗora a kai. A shekarar 2000, tare da bugu na uku na wasan, aka fitar da lasisin da ake kira OGL: ga dokokin, kowa ya yi amfani da su ya sayar, babu ko sisi da zai biya. Ni a ganina ba kyauta ce aka yi ba, alkawari ne cewa ba za a kai ka kotu ba. Kuma wannan alkawarin kawai mutane ke jira.

Kasuwa ta cika maƙil. Green Ronin da Atlas Games sun kai littattafansu babban taron Gen Con na 2000, lokacin da sabon bugun ya fito. Wani kamfanin ma ya riga Wizards fitar da littafin dodanni. Tarkace ma sun yi yawa, kuma da aka yi wa dokokin kwaskwarima a 2003, shaguna suka tashi da tulin littattafan da ba mai saye, ƙananan kamfanoni da dama suka rufe. Amma a cikin wannan hayaniya ne aka sami abin da babban kamfanin bai damu ya yi ba. A 2002 Atlas Games ya buga Nyambe, duniyar wasa da aka gina a kan tatsuniyoyi da tarihin Afirka.

Wannan ya tuna mini da kasuwar littattafan Hausa. Shekaru da dama, mai son ganin littafinsa a buge sai ya bi ta Zariya, ta Kamfanin Gaskiya ko NNPC. Da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, littattafan suka bi ƴan kasuwa har Maraɗi da Damagaram. An raina takardar, an raina rubutun, amma su suka sa mata da matasa karatun Hausa. Bambancin shi ne, su marubutan Kano babu wanda ya mallaki harshen da suke rubutu da shi.

Mu koma Amurka. A 2008 Wizards ya fitar da bugu na huɗu da sabon lasisi mai tsauri. A lokacin akwai wani kamfani, Paizo, wanda Lisa Stevens ta kafa a 2002, yana buga mujallun wasan guda biyu da izinin Wizards, aka kuma karɓe izinin a 2007. Da suka rasa abin yi, sai suka koma wa tsohon lasisin 2000, wanda har lokacin yana aiki, suka ɗauki dokokin bugu na uku suka gyara, suka fitar da nasu wasan, Pathfinder, a 2009. Zuwa 2011 ƙididdigar shagunan wasa ta nuna Pathfinder ya wuce uban gidansa a ciniki. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Da Wizards ya dawo da bugu na biyar a 2014, wani ɗan gefe, Kobold Press, ya ba kwangilar rubuta labaran farko, a 2016 kuma ya sake buɗe dokokin a ƙarƙashin tsohon lasisin.

Sai a ce an ɗauki darasi. Ina! A farkon Janairun 2023 wani daftarin sirri ya fito a shafin Gizmodo. Wizards na shirin soke lasisin 2000, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na duk abin da kamfani ya samu sama da dala 750,000 a shekara. Mutanen da suka yi shekara 20 suna gina sana'a a kan alkawari suka wayi gari ana neman janye shi. Masu wasa suka shiga soke rajistarsu ta shafin D&D Beyond, inda kamfanin ke karɓar kuɗinsu wata-wata. Paizo ya sanar da cewa zai jagoranci rubuta wani lasisin da ba na kamfani ɗaya ba. Ranar 27 ga Janairu Wizards ya janye, ya bar tsohon lasisin yadda yake, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ko shi kansa ba shi da ikon sokewa.

Abin da ya shafe mu a nan Yamai shi ne, waɗannan dokokin suna nan a intanet kyauta, har da fassararsu ta Faransanci da kamfanin ya fitar daga baya. Lasisin ya yarda a fassara su zuwa Hausa ko Zabarmanci, a ɗora musu rijiyar Kusugu da macijinta, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta na 1899, a buga a sayar a Babbar Kasuwa. Sunan wasan da tambarinsa da duniyoyin labarinsa suna nan a hannun Hasbro, ba a taɓa su. Sharaɗin da ke kan sauran shi ne ƴan layuka a cikin littafin da ke faɗin daga inda aka ɗauko dokokin.