El Anatsui: Mai mayar da murafan kwalabe mayafin ƙarfe

Duk wanda ya hango aikin El Anatsui daga nesa zai ɗauka wani ƙasaitaccen mayafi ne na zinariya aka rataye a bango.

Sai mutum ya matso kusa sannan zai ga cewa dubban murafan kwalaben giya ne da aka zubar, aka tsince su, aka ɗinke su da wayar jan ƙarfe.

An dai haifi El Anatsui ne a shekarar 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na ƙasar Ghana, ya kuma yi karatun zane da sassaƙa a Kumasi.

A shekarar 1975 ya koma Najeriya, inda ya koyar a jami'ar Nsukka har zuwa 2011.

Da farko ya yi aiki da yumɓu da kuma katako, wanda yakan yanka da zarton inji ya babbake shi da wuta. Daga baya ya shiga amfani da murafan gwangwanin madarar Peak da tsofaffin ƙarafan gurza rogo.

Yadda ake aikin

A ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci wani buhu cike da murafan kwalabe a kusa da Nsukka, abin da ya sauya alƙiblar aikinsa baki ɗaya.

Ana yanka kowane murfi, a daddaƙe shi ko a lanƙwasa, a huda shi, sannan a haɗa shi da ɗan'uwansa da waya. Da hannu ake yin duk wannan, kuma matasa da dama ne ke taya shi a ma'aikatarsa.

Su mataimakan ke haɗa ƙananan ƙyallaye na ƙarfe. Shi kuma sai ya sa a shimfiɗa su a ƙasa, yana ta sauya musu wuri har sai launuka sun zauna masa.

Wani abin sha'awa shi ne, ba ya gindaya ƙa'idar yadda za a rataye aikin. Masu baje kolin ne ke naɗe shi yadda suka ga ya dace, don haka siffarsa kan bambanta daga wannan gari zuwa wancan.

Jama'a da dama na kwatanta aikin da tufafin kente, musamman ganin cewa mahaifinsa masaƙi ne. Sai dai wannan kwatance bai ƙare zancen ba.

Giya na cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musayarsu da bayi, kuma shi kansa ya sha danganta murafan da wannan tarihi.

Ɗaukaka

Sunansa ya bazu a duniya a 2007, lokacin da ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini da irin wannan mayafi a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya.

A 2015 masu shirya bikin sun ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya saboda ayyukan da ya yi tsawon rayuwarsa.

Kazalika daga watan Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024, an rataye wasu manyan ayyukansa a babban zauren gidan baje kolin Tate Modern da ke Landan.