Yadda Fim Ya Koma Cikin Kyamara: Tarihin Kayan Aikin Mai Ɗaukar Hoto Don Sha'awa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin canjin da ya sami kayan aikin mai ɗaukar hoto don sha'awa, watau wanda ba da sana'ar ya ke ci ba, daga zamanin fim zuwa zamanin kyamarar dijital. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, canjin bai tsaya ga sauƙin ɗauka kaɗai ba. Ya taɓa inda kuɗin mai sha'awa ke tafiya, da kuma tsawon ran abin da ya saya.

Kasuwar masu sha'awa George Eastman ne ya buɗe ta a birnin Rochester na Amurka. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a mai da kyamarar kamfani, a wanke hotunan, a sa sabon fim. A 1900 kuma aka fito da Brownie a kan dala ɗaya tak. Hikimar cinikin a fili ta ke: akwatin mai araha ne, riba tana wajen fim da wanki. Haka mai sha'awa ya zauna kusan shekara ɗari yana biyan kuɗin kowane hoto, shi ya sa mai fim na hoto 36 ya kan yi tunani kafin ya danna.

Amma wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Tun da fim dabam ya ke da kyamara, duk ci gaban da aka samu wajen haɗa fim ya kan isa ga mai tsohuwar kyamara ba tare da ya sake sayen wata ba. Alal misali, wanda ya sayi Nikon F a 1959 yana iya sa mata T-Max na Kodak da ya fito a 1986, ko Velvia na Fuji na 1990, ya sami irin hoton da mai sabuwar kyamara zai samu.

Asalin abin da ya rushe wannan tsari wata na'ura ce da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a 1969, mai mai da haske lantarki. A nan za mu kira ta farantin kama haske. A 1975 wani matashin injiniya na Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamara da irin wannan faranti. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta fari da baƙi ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. A cewar Sasson, shugabanninsa ba su ɗoki abin ba. Ba kuwa abin mamaki ba ne, gama wanda ke cin abinci da fim ba zai yi murna da kyamarar da ba ta bukatarsa ba.

An daɗe kafin abin ya sauko ga mai sha'awa. DCS 100 da Kodak ya fitar a 1991, a jikin Nikon F3, sai manyan gidajen jarida ke iya sayenta. QuickTake 100 ta Apple ta 1994 ta yi araha, amma hoto takwas kawai ta ke riƙewa in ana son mai kyau. A ganina, wadda ta fi canja ɗabi'ar mai ɗauka ita ce QV-10 ta Casio a 1995, domin tana da ɗan allo a baya inda mutum zai ga hotonsa nan take, ya goge in bai yi masa ba. Daga nan koyon hoto ya daina zama jiran mako guda. Ko da ya ke, a Hausa kalmar “wanke hoto” ba ta mutu ba, ko da babu sauran ruwan magani a cikin aikin.

Shekarar da ya kamata a riƙe ita ce 2003, sa'ad da Canon ya fito da EOS 300D, mai ɗigo miliyan shida, wadda a ke iya canja mata gilashi, a kan ƙasa da dala dubu ɗaya har da gilashinta. Shekara huɗu kafin wannan, D1 ta Nikon, mai ɗigo miliyan 2.7, ta haura dala dubu biyar. Masu sha'awa suka yi ca a kanta. To, a nan ne fa lissafi ya juya. Hoto ya zama kusan kyauta, amma fim ya koma cikin kyamara, an like shi, ba ya ciruwa. Duk wanda ke son ya ci moriyar sabon faranti tilas ya sayi sabuwar kyamara ɗungurungum, kuma kowace shekara biyu ko uku sai an fito da wata da za ta mai da tasa tsohon yayi.

Kamfanoni sun gane haka, suka shiga tseren yawan ɗigo, domin lamba ce mai sauƙin rubutawa a kwali. Bari mu yi ɗan lissafi. Hoto mai inci huɗu da shida, in an buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai ya ke bukata. Mai inci takwas da sha biyu kuwa bai kai miliyan tara ba. Abin da kwali bai cika faɗa ba shi ne girman farantin kansa. Na ƙananan kyamarorin aljihu bai fi milimita shida da huɗu da rabi ba, alhali cikakken faranti, wanda ya gaji awon fim ɗin Leica ta 1925, milimita 36 da 24 ne, watau ya ninka shi kusan sau talatin. In aka cusa ɗigo miliyan sha shida a ƙaramin faranti, kowane ɗigo haske kaɗan ya ke samu, sai hoton dare ko na cikin ɗaki ya fito da ƙura-ƙura. Da yawa sun sayi lamba, sun koma gida da hoton da bai fi na da ba.

Daga bisani wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta nuna an fitar da kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba a kai miliyan tara ba. Kodak kansa ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012.

Saura batun gilashi, wanda shi ne dukiyar mai sha'awa ta ainihi, tun da ba ya tsufa da saurin jikin kyamara. Matsalarsa ɗaya ce, bakin da a ke ɗaura shi a kai, domin kowane kamfani da nasa. Wanda ya zaɓi kyamara ya zaɓi baki ke nan, ya kuwa ɗaure kansa shekaru. Nikon ya riƙe bakinsa na 1959 har cikin zamanin dijital. Canon kuwa a 1987 ya watsar da bakin FD ya kawo EF, masu tsofaffin gilasai suka wayi gari kayansu ba sa hawa sababbin kyamarori.

Abin da ya warware wannan ƙulli shi ne cire madubin da ke tsakanin gilashi da faranti. Panasonic ya fara da G1 a 2008, Sony ya kawo A7 mai cikakken faranti a 2013, sa'an nan Nikon da Canon suka biyo baya a 2018. Da madubi ya tafi sai tazarar da ke tsakanin baki da faranti ta ragu, daga milimita 46.5 a tsohon bakin Nikon zuwa 16 a sabon, ko 18 a na Sony. Wannan gurbi da aka samu shi ya ba da damar a sa ɗan zoben ƙarfe a tsakani, wanda zai cike tazarar kowane tsohon gilashi. Da haka gilasan FD da aka yi watsi da su tun 1987 suka fito daga akwatuna, masu sha'awa suna neman su a kasuwar kayan hannu, suna ɗaura su a kan kyamarorin da aka ƙera bayan shekara talatin, suna murɗa su da hannu kamar yadda a ke yi a da.