Obakulokin: Yadda Ake Ƙara Wa Tsohuwar Kwamfuta Gudu Don Buga Gem

Duk wanda ya taɓa ɗora GTA V ko PES 2021 a kan tsohuwar kwamfuta ya san wannan takaicin: ka yanke masu tsaron baya, saura kai da gola, sai hoto ya cije. Kafin ya saki an ƙwace ƙwallon. Kuɗin sabuwar kwamfuta kuwa ba a magana. Shi ya sa wasu ke komawa ga dabarar da ake kira obakulokin. Dabarar tana aiki, amma ba a kowace kwamfuta ba, kuma da zafi ake biyan kuɗinta.

Mene ne obakulokin?

Shi ne tilasta wa furosesa, ko katin hoto, ko RAM su yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita su. Ana auna gudun furosesa da GHz. Idan aka ce 3.3 GHz, ana nufin tana bugawa sau biliyan 3.3 a sakan ɗaya. Wannan adadi daga lissafi yake fitowa: gudun tushe sau lambar ninki. A Intel Core i5-2500K, wadda ta fito a 2011, tushen 100 MHz ne, ninkin kuma 33, shi ya ba da 3.3 GHz. Ka mayar da ninkin 45, ka samu 4.5 GHz. Mutane da yawa sun kai wannan furosesa nan da fanka mai kyau.

Me ya sa hakan ke yiwuwa? Kamfani yakan bar rara, don kayansa su yi aiki lafiya ko a ɗaki mai zafi, ko da fanka mai arha. Wannan rarar ce ake cinyewa. Abin kuma ba sabo ba ne. Tun 1998 masu Celeron 300A ke ɗaga ta daga 300 MHz zuwa 450 MHz. Core 2 Quad Q6600 ta 2007 ma ta yi suna wajen tashi daga 2.4 zuwa 3.0 GHz.

Shin taka za ta yarda?

Nan ne da yawa ke cin karo da bango. Sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka sunan furosesa da na madabod.

Idan Intel ce, nemi harafin K a ƙarshen lambar, kamar 2500K, 3570K ko 4790K. Sannan madabod ɗin ya zama jerin Z, irin su Z68, Z77 ko Z97. Idan babu K, galibi a kulle take. Pentium G3258 ta 2014 tana cikin 'yan kaɗan da aka bari a buɗe ba tare da K ba.

Idan AMD ce, jerin FX da Ryzen na farko-farko, tun daga 2017, a buɗe suke. Amma Ryzen tana buƙatar madabod B350, B450 ko X370 da makamantansu. A320 ba ya bari.

Kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika kasuwa, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, BIOS ɗinsu a kulle yake, babu wajen canza ninki. Laftof kuwa, gaskiya ka haƙura. Yawancinsu a kulle suke, kuma ko a gudun kamfani da ƙyar suke fitar da zafinsu.

Zafi shi ne farashin

Ƙarin gudu yakan nemi ƙarin boltej, wato ƙarfin wutar da ke shiga furosesa. Shi kuwa boltej, in ka ƙara shi kaɗan, zafi ba kaɗan yake ƙaruwa ba: ƙarin kashi 10 na boltej kaɗai yana kawo kusan kashi 21 na zafi, tun ba a lissafa na gudun ba. Idan furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kar ta ƙone. Ka ga garin neman ƙiba an samo rama.

Ga abin da masu bidiyon YouTube ba za su tuna maka ba. Ɗakinsu da sanyi, bai wuce digiri 22 ba. Kai kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu yana haura 40. Wannan bambanci kai tsaye yake hawa kan furosesarka. Don haka kar ka kwafi lambobin wani. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba yana iya kashe maka kwamfuta da bazara. In za ka gwada, gwada da rana tsaka. Ƙa'ida mai sauƙi: kar ta wuce digiri 80 zuwa 85 lokacin da take aiki mai nauyi.

Kafin ka taɓa komai

1. Kashe, zare waya, buɗe akwatin, ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka da ƙarfen sanyaya.
2. Goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ka sa sabo kamar ƙwayar wake. Na shekara goma ya riga ya bushe.
3. Idan ƙaramar fankar da ta zo da furosesa kake amfani da ita, canza ta da babba.
4. Duba fawa fak. Mai arha marar suna in ya buga, yakan tafi da madabod.
5. Kwafe hotunanka, finafinai da waƙoƙi zuwa wani wajen. Mutuwar kwamfuta bagatatan tana lalata fayil.
6. Kar ka sabunta BIOS ba tare da UPS ba. A ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, madabod na iya ƙin tashi.

Sau da yawa mataki na 1 da na 2 kaɗai suna dawo da gudun da ya ɓace, domin da ma zafi ne ya sa take ja da baya.

Sai ka gano wa ke riƙe wa gem ɗin ƙafa. MSI Afterburner tana iya nuna aikin furosesa da na katin hoto a gefen allo kana cikin wasa. Idan katin hoto yana kan kashi 99, shi ne ya gaji, ɗaga furosesa ba zai ƙara maka komai ba.

Ɗaga furosesa

Kunna kwamfuta ka danna Del ko F2 don shiga BIOS. Nemi inda aka rubuta CPU Ratio, ka ƙara 1 kacal. Ajiye, shiga Windows, ka buɗe HWiNFO don kallon zafi, sannan ka kunna Cinebench ko Prime95 na minti 20 zuwa 30. Ta tsaya lafiya? Koma ka ƙara 1. Haka za ka yi ta yi har ta maƙale ko ta nuna shuɗin allo. Daga nan zaɓi biyu ne: ka koma baya mataki ɗaya, ko ka ƙara boltej da 0.01 zuwa 0.02. Kar ka bar boltej a kan Auto idan ka yi nisa, wasu madabod suna zuba wuta fiye da kima. Ga irin su 2500K, tsaya ƙasa da 1.35. Idan ka samu inda ta zauna, gwada ta na wasu awanni kafin ka yarda da ita.

Ɗaga katin hoto

Wannan ya fi sauƙi, kuma har a kwamfutar ofis mai kulle yana yiwuwa, idan an sa mata kati irin GTX 750 Ti ko GTX 1050 Ti. A Afterburner, ƙara Core Clock da 15 zuwa 25 MHz, danna Apply, ka gwada da Unigine Heaven. Bayan ka gama da shi, ka koma Memory Clock da 50 a kowane mataki. Da ka ga ɗige-ɗige, walƙiya ko baƙon launi a allo, ka wuce gona da iri, rage. Kar ka sa saitin ya riƙa tashi tare da Windows sai ka tabbatar da shi.

RAM

Yawancin DDR4 tana tashi a 2133 ko 2400, ko da an rubuta 3200 a jikinta. Kunna XMP a BIOS, in madabod ya yarda, shi zai kai ta gudunta. Idan kuma ba ka da katin hoto, da Intel HD kake wasa, sanda biyu na RAM iri ɗaya sun fi sanda ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

In ta ƙi tashi fa?

Kwantar da hankalinka. Zare wayar wuta, cire ƙaramin batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, jira minti biyar ka mayar. BIOS zai koma yadda kamfani ya bar shi.

Me za ka samu a ƙarshe?

A katin hoto, ribar galibi ba ta wuce kashi 5 zuwa 10. Wato in gem yana ba ka hoto 30 a sakan, zai koma kamar 33. A furosesa irin 2500K ribar ta fi haka, musamman wajen rage cijewa a gem mai cunkoson motoci da mutane, da kuma saurin fitar da bidiyo ga masu editin. Amma gem ɗin da ke ba ka 15 ba zai zama 60 ba. Wannan sai sabon kati, ko ka rage ingancin hoto zuwa 720p. A gefe guda, boltej mai yawa yana rage wa furosesa kwana, kuma garanti, in da saura, ya tafi.

Saboda haka idan wannan kwamfutar ce kaɗai gare ka, da ita kake karatu ko neman abinci, tsaya a shara, sabon mai, XMP da ɗan ɗaga kati. Idan kuwa kana da mai K da fanka mai kyau, bismillah, amma mataki ɗaya-ɗaya, idonka a kan zafi.