Digirin Kimiyyar Kiwon Dabbobi: Abin da Ake Karantawa, Inda Ake Yi da Ƙimar Takardar a Ƙetaren Iyaka

Kimiyyar kiwon dabbobi reshe ne na ilimin aikin gona da ke nazarin ciyar da dabbobin gida, zaɓen iri, hayayyafa, da sarrafa nama, madara, ƙwai da fata. A jami'o'in ƙasashe masu aiki da Faransanci ana kiran fannin zootechnie ko productions animales. A Najeriya da Gana kuwa, sunan da ɗalibi zai gani a takardun neman gurbi shi ne Animal Science. Digiri ne na farko da ake shiga bayan sakandare, yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5 gwargwadon ƙasar.

Hausawa da yawa mazauna Kamaru, Cadi, Benin, Togo, Gana da Burkina Faso sun daɗe a sana'ar fawa, dillancin shanu da cinikin fata, don haka fannin ba baƙo ba ne a gidajensu. Sai dai 'ya'yansu kan samu kansu tsakanin tsarin karatu biyu, na Faransanci da na Ingilishi. Wanda ɗalibi ya zaɓa shi zai yanke yawan shekarun da zai yi, harshen da zai yi karatu da shi, da ƙasar da za ta karɓi takardarsa.

Bambancinsa da likitancin dabbobi

Iyaye da dama kan ɗauka duk wanda ya karanci dabbobi a jami'a likitan dabbobi ne. Fannonin biyu daban suke. Likitan dabbobi shi doka ta ba ikon gano cuta, rubuta magani da yin tiyata. Karatunsa ya fi tsawo: shekara 6 ne a Najeriya. Ƙasashen Afirka da dama masu aiki da Faransanci suna tura ɗalibansu makarantar haɗin gwiwa ta EISMV da ke Dakar, wadda aka kafa a 1968, Kamaru kuma tana da tata makarantar a Jami'ar Ngaundere.

Shi masanin kiwo aikinsa lafiyayyar dabba ce: me za ta ci, nawa za ta ci, yaushe za ta haihu, kuma wace riba mai ita zai samu. Yana koyon rigakafi da tsaftar garke, amma digirinsa bai ba shi izinin buɗe asibitin dabbobi ba. Wanda burinsa likitanci ne ya kamata ya san haka tun kafin ya cike takarda.

Abin da ake koyarwa

Shekarar farko ta kimiyyar tushe ce: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, fizik da lissafi. Daga nan a shiga darussan noma na gama-gari kamar ilimin ƙasar noma, tsirrai da tattalin arzikin karkara, sannan a tsunduma cikin fannin kansa.

Ciyarwa ita ce ginshiƙi. Ɗalibi zai koyi yadda cikin dabbobi masu tuƙa, mai ɗaki huɗu, ke narkar da ciyawa da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbi, da yadda ake haɗa dusa, harawa, angurya da ƙuli-ƙuli su ba da abincin da ya dace. Zai koyi gyara karan hatsi da takin uriya, kimanin kilo 4 zuwa 5 ga kowane kilo 100 na kara, a jiƙa a rufe na makonni biyu zuwa uku don ya ƙara amfani a jikin dabba. A kiwon kaji na zamani abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, shi ya sa ƙaramin kuskure a haɗin abinci ke iya cinye ribar gona gaba ɗaya.

Akwai kuma lissafin makiyaya. A ƙasashen Sahel ana amfani da ma'aunin UBT, wato dabbar da aka ƙiyasta nauyinta kilo 250, mai buƙatar busasshen abinci kilo 6.25 a rana. A rani mai tsawon wata tara, kwana 270 ke nan, buƙatarta ta kai kusan tan 1.7. Garken da ya kai UBT 10 zai buƙaci kusan tan 17 kafin damina ta dawo. Da irin wannan lissafi ma'aikatar kiwo ta Nijar ke kwatanta ciyawar da aka samu da yawan dabbobi bayan kowace damina, don a san ko za a shiga giɓi. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka hallaka garkuna masu yawa, sun nuna tsadar rashin wannan shiri.

A darussan iri da hayayyafa ana nazarin dabbobin yankin: shanun Azawak masu madara, Gudali na Adamawa, Bunaji, jajayen shanun Bororo, da shanun Kuri na tafkin Cadi masu kumburarrun ƙahoni, tumakin Balami da Uda, da jar akuyar Maraɗi da ta yi suna saboda yawan haihuwa da kyawun fata. Ana koyon lissafin ciki, kimanin wata tara ga saniya da wata biyar ga tunkiya da akuya, da ƙyanƙyasar ƙwan kaza cikin kwana 21, da dabarar sanya wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi ba tare da barbara ba. Sauran darussan sun haɗa da sarrafa madara da nama, ginin ɗakunan dabbobi, ƙididdiga da wayar da kan makiyaya. A ƙarshe ɗalibi zai yi aikin gwaji a gona ko ma'aikata, ya rubuta kundin bincike.

Tsarin Faransanci

Nijar, Kamaru, Cadi, Benin, Togo da Burkina Faso suna bin tsarin LMD. Digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne, zango 6, maki 180. Mai son ci gaba zai ƙara shekara 2 na masta, kuma wasu makarantu suna ba da takardar injiniyan aikin gona bayan shekara 5. Ana neman bakaloriya ta kimiyya, galibi rukunin D ko C. Wasu makarantun suna tace ɗalibai ta duba takardu, wasu ta jarrabawar gasa.

A Nijar ana karanta fannin a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai da kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Tashar Tukunus da ke yankin Filinge, inda ake inganta shanun Azawak, da cibiyar awaki ta Maraɗi na cikin wuraren da ɗalibai ke zuwa gwaji. A Kamaru babbar makarantar ita ce tsangayar FASA ta Jami'ar Dschang, wadda ake shiga ta jarrabawar gasa, sannan akwai cibiyar bincike ta Wakwa kusa da Ngaundere. Cadi tana da babbar makarantar kiwo a Musoro da cibiyar bincike ta IRED a unguwar Farsha da ke Njamena. A Benin akwai jami'o'in Paraku da Abomey-Calavi, a Burkina Faso akwai Jami'ar Nazi Boni a Bobo-Dioulasso, Jami'ar Lome kuma tana da cibiyar CERSA da ta ƙware a kimiyyar kaji.

Tsarin Najeriya da Gana

A Najeriya digirin galibi shekara 5 ne, kuma shekara ta huɗu ta aikin gona ce a aikace. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, tare da kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Ingilishi, lissafi, kimiyyar sinadarai da ilimin halittu ko aikin gona. Masu difloma ko makamanciyarta kan fara daga aji biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ke riƙe da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika. Jami'ar Bayero ta Kano, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da sashen. Wata doka ta 2007 ta kafa cibiyar NIAS mai yi wa masana kiwo rajista, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ƙirƙiri ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta.

A Gana digirin shekara 4 ne, ana shiga da sakamakon WASSCE. Ana samun sa a Jami'ar Gana da ke Legon, da KNUST ta Kumasi, da Jami'ar UDS a reshenta na Nyankpala kusa da Tamale.

Ɗalibin da ya taso da Faransanci zai iya cinikinsa da Hausa a kasuwar Kano ko Zariya, amma lacca da jarrabawa duk da Ingilishi ne. Haka wanda ya fito daga Gana zuwa Yamai zai tarar da Faransanci. Zai fi kyau ya ware wasu watanni na koyon harshe kafin ya fara.

Amincewa da takarda

Nan ne iyaye suka fi yin asara. A ƙasashe masu aiki da Faransanci, hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu ce ke tantance kwasa-kwasai don a amince da su a tsakanin mambobinta. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan hukuma. Kowace tana da nata ofishin auna takardun waje. A watan Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan fallasar sayar da takardun bogi, daga baya a shekarar ta sanar cewa jami'o'i takwas kawai ta amince da su a ƙasashen biyu. Ɗaliban da suka yi karatu tsakani da Allah a sauran makarantun su ma abin ya shafe su.

Saboda haka, kafin a biya kuɗin rajista ya dace a tabbatar da abu uku: gwamnatin ƙasar ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, ƙasar da ɗalibi ke son yin aiki tana karɓar takardar, makarantar tana da gona da dabbobi da ɗakin gwaji na gaske. Ya kamata kuma a tambayi kuɗin da ake karɓa daga baƙi, domin yakan fi na 'yan ƙasa.

Aiki bayan kammalawa

Ma'aikatun kiwo da cibiyoyin bincike irin su INRAN a Nijar da IRAD a Kamaru suna ɗaukar masu wannan digiri, amma guraben gwamnati ba su da yawa. Sauran hanyoyin sun haɗa da masana'antun abincin dabbobi, gonakin kaji, kamfanonin madara, mayanka, da ƙungiyoyin raya karkara masu aiki kan burtali, mashaya da sasanta manoma da makiyaya. A wannan aikin na ƙarshe, wanda ke jin Hausa da Fulatanci tare da harshen boko yana da fifiko, domin shi zai iya zama da makiyayi a ruga da safe, ya rubuta rahoto da yamma.

Wasu kuma kan kafa nasu: kiwon turke na ragunan layya, kajin ƙwai, ko haɗa abincin dabbobi na sayarwa. Wannan na buƙatar jari, kuma digiri ba ya hana annoba ko tashin farashin masara. Abin da yake ƙara wa ɗan mahauci ko ɗan dillali shi ne iya auna abinci, rubuta lissafi, da sanin ranar da rago ya daina ƙara nauyin da zai biya kuɗin dusarsa, wato ranar da ya kamata a kai shi kasuwa.