Gidajen Rediyon Sakkwato da Tambayar Wa Ake Yi wa Magana

Ana yawan cewa wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo. Wanda ya ratsa unguwar Hubbare a Sakkwato da hantsi, ya ji abin da ke tashi daga shagunan teloli da teburan masu shayi, zai yi jinkirin yarda da wannan hukunci. Ana sauraren Rediyon Rima, ana kama Vision FM da Garkuwa FM, sau da yawa ma ta cikin wayar da ake ɗora wa laifin. Matsayin wannan maƙala shi ne, raunin yana jikin gidajen da kansu, wato wanda ya mallake su da hanyar da suke samun kuɗi.

Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Bahaushe ya riƙi akwatin rediyo abokin hira da makaranta. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ita ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, kuma Freedom Radio ta Kano ta nuna tun 2003 cewa tashar FM mai zaman kanta na iya jan jama'a da Hausa. Sai dai FM ba ya kaiwa nesa. Tashoshi sun yawaita a birni, mutanen karkara kuwa rabonsu bai ƙaru sosai ba.

Kuɗi su ne ƙashin bayan matsalar. Na'urar watsa shiri ba ta aiki sai da wuta, wutar ba ta tsayawa, man dizal ya yi tsada, manyan masu talla kuma suna Legas. Da me gida zai biya ma'aikata? Sai ya sayar da lokaci. Ɗan siyasa ya sayi rabin awa ya zuba sojojin bakansa, mai maganin gargajiya ya sayi wata ya yi alƙawarin warkar da kowace cuta, ɗan jarida na gefe yana riƙe da agogo. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, kafin daga baya ta sassauta. Gidan rediyon gwamnati kuma nasa ciwon daban ne, domin labarai kan fara da gwamna su ƙare da uwargidansa. Inda tasha ta kauce wa wannan layi, an ga abin da ya faru a Zamfara a Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi don sun ɗauki taron 'yan adawa.

Masu cewa mafita ita ce a koma Facebook da YouTube suna da hujja: matasa na can, 'yan Sakkwato mazauna Legas da Jidda ma na can. Amma a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Mutumin Isa ko Sabon Birni a lokacin ba shi da intanet, sai akwati da batir. Dogaro da tashoshin ƙetare ma ba tabbas, tunda Muryar Amurka ta yi shiru a Maris ɗin 2025 da umarni guda daga Washington. Jihar da ke fama da rashin tsaro ba ta da uzurin barin matsakaicin zango, wato AM, ya lalace.

Salon da ya dace yana da tushe a Hubbaren kanta, inda Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta Shehu Usmanu. Ta tsara ilimi cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, ta ɗora wa mata malamai da ake kira jaji nauyin kai su ga matan ƙauyuka ta tsarin 'Yan Taru, su kuma su dawo mata da tambayoyin mutane. Saƙo na fita, amsa na dawowa. Rediyonmu ya riƙe rabin farko ya saki na biyu, in ban da shirin kiran waya da 'yan birni masu kati suka mamaye. Wakili a kowace kasuwar mako, Illela ko Achida, da zai aiko saƙon murya ta WhatsApp kan farashin gero da albasa da halin hanya, cikin Sakkwatanci da Fulfulde, ya fi kyamara a ɗakin watsa shiri amfani, kuma ya fi arha.

Maƙwabtanmu sun riga mu. Nijar ta buɗe rediyon al'umma mai aiki da hasken rana a Bankilare a 1999, kuma tun 2016 Studio Kalangou ke haɗa shiri a Yamai yana rarraba wa ƙananan tashoshi. Nijeriya sai a 2015 ta amince da lasisi 17 na irin wannan rediyo. Muddin NBC ba ta sauƙaƙa kuɗin lasisi da sharuɗɗansa ga ƙungiyar manoma ko ta mata a Gwadabawa ba, sabuwar tasha za ta ci gaba da fitowa daga aljihun attajiri ko ɗan takara.