Hukuncin Wakiltar Dattijo a Kan Gidan Tarayya

Tambaya: Baffana a Haɗejiya ya tsufa, ya wakilta ni a kan harkokinsa. Suna da gidan gado shi da ƙanwarsa, ba a raba ba, ambaliyar 2022 kuma ta rushe wani sashe. Zan iya sayar da gidan don jinyarsa?

Amsa: Ɗan'uwa, wakilci ya halatta, amma ikonka bai wuce kason baffanka ba. Kason gwaggonka ba ya sayuwa sai da yardarta. Nasa ma sai in izinin ya haɗa da sayarwa, kuma ka kafa shaidu biyu adalai.

Idan ka sayar wa bare, tana da shuf'a, wato ta biya kuɗin da aka saya ta karɓe kason. A Malikiyya, idan tana gari, ta sani, ta yi shiru shekara guda, haƙƙin ya faɗi. Kada ka saya wa kanka ba da izininsa ba. A nan zumunci ya fi lalacewa.

In ruɗewar tsufa ta kama shi, dakata, ka kai maganar gaban alƙali. Ranar da ya rasu wakilci ya ƙare, kasonsa ya koma na magada.

Allah ne Mafi sani.